Waɗanda Suka Koma

Sama da shekara ashirin ta yi tana aiki a ƙaramin asibitin unguwarmu, a wani ɗaki mai taga ɗaya da fanka mai ƙara ba iska. Ba ta yin allura, ba ta ba da magani. Aikinta bin gidaje duk ƙarshen wata tana tambaya: an haihu? An rasu? Mutum nawa ke kwana a gidan? Shi ya sa muke ce mata Anti Ƙidaya. Mace ce mai tsare gida, ta fi kallon takarda da kallon mutane, ko ruwa aka ba ta sai ta ce sauri take yi.

Lissafinta kuwa tsaf. Shekara uku a jere unguwarmu ba ta rasa jariri ko ɗaya ba, a takarda. Har yabo aka yi mata a taro, ta dawo tana tafiya da ƙyar.

Yabon ne ya jawo mana. Ofishin lafiya ya ce tunda nan lafiya lau ake, za a ɗauke ungozomar asibitin a kai ta inda ake da buƙata. Mai naƙuda sai dai ta nemi mota zuwa babban asibiti, can ƙetaren gada. Mata suka yi ta surutu, amma wa zai ja da lissafi?

Ana cikin haka ta shiga gidan tela, ta yi wa matarsa tambayoyin da ta saba. Matar ta ce babu haihuwa, babu rasuwa. Anti na sa takalmi sai uwar telan ta ce, "Ke kuwa ko sannu ba za ki yi mata ba? Ta sauka, yaron ya koma."

"To ai rasuwa ce, Iya."

"Wace rasuwa? Ko ido bai gama buɗewa ba. Komawa ya yi."

"Haihuwar fa?"

"Haihuwar da ba a goya ba?"

Anti ta daɗe tsaye da takalmi ɗaya a ƙafa. Ta san kalmar sarai, da bakinta ma ta sha faɗa. Ba ta taɓa kai ta kan takarda ba ne kawai.

Washegari ta sake bin gidajen da sabuwar tambaya: "Cikin shekarun nan, akwai wanda ya koma?" Wasu suka kore ta, telan kansa ya ce fama wa mutane ciwo take yi. Wasu suka ja ta ɗaki suka rufe ƙofa. Da ta gama, jarirai goma sha tara ta samu, ta kai wa ofishin lafiya lissafin.

Shugaban asibitin ya ce, "Kin ɓata mana suna, kin ɓata naki." Ta ce ta sani. Ba a sake kiranta taro ba har ta bar aiki, amma an bar mana ungozoma.

Ranar da labarin ya fito, matar tela ta same ta a ɗakin nan, ta tsaya daga bakin ƙofa tana murɗa gefen mayafi.

"Anti, cikin sha taran nan, nawa yana ciki?"

"Yana ciki," in ji Anti. "Shi ne a saman takardata."