Mainassara Mai Karanta Sawun Mota

Kullum da hantsi Mainassara yakan share rairayin ƙofar garejinsa a Magariya, ya yayyafa ruwa, ya sa a bi da mota a kai. Sai ya tsuguna ya duba sawu. In ƙafafun baya ba su bi na gaba ba, ya auna gefe da gefe da igiya, ya sassauta ƙusoshi, ya mayar da ƙarfen baya mazauninsa, ya ɗaure. Haka yake yi tun da motocin Faransawa suka fara kwasar gyaɗa, har yau da ido ya raunana zai ajiye aiki.

Kowa na yabonsa, ban da Alkasim direba. Tare suka yi yaron mota, Alkasim ya samu sitiyari, Mainassara ya zauna ƙarƙashin mota. Amma ɗan kasuwa ba ya loda buhu sai ya tambaya, "Mainassara ya duba ta?" Tambayar nan na ci wa Alkasim rai. Wa ke tuƙin, shi ko mai tsintsiya?

Wata shekara da kaka motar da Alkasim ke tuƙawa ta fara tafiya a karkace kamar kare, tana cinye taya, ga taya ta yi wuya, mai motar kuma ya ce in ya sake fasa ɗaya ya ajiye makulli. Maimakon ya kai gyara, sai gogan ya ɗaura reshen ƙaya a bayanta yana share sawu, don kada Mainassara ya gani! Mutanen Dungas sun ga wannan da idonsu.

Mainassara ya ga hanya a share, ya gane. Ya hau jaki da igiyarsa, ya sami Alkasim bayan gari inda ba kowa.

"Malam, wa ya kira ka?" in ji Alkasim.

"Ba kowa, abokina. Riƙe mini bakin igiyar nan."

Kai ne ka gyara, Mainassara, ka rufa masa asiri, ba ka taɓa faɗa ba. Gwanin sawu, mun gode, Allah ya saka da alheri. Masu sana'a, ku yi koyi da shi.

Alkasim kuwa har gobe cewa yake, "Ni ma da na gano." Amma shi ke zuwa da hantsi ya share rairayin, ya tsuguna ya gaya wa tsohon abin da idonsa ya daina gani.