Makullin Kwamfutar Malam Arzika

Shekara ashirin da bakwai Malam Arzika yana buga wa mutane takarda a bakin kasuwar Tsafe. Da tafireta ya fara, daga baya ya sayi tsohuwar kwamfuta hannun wani ɗan bautar ƙasa. Taurin kai kuwa, ba a magana. Waƙafi ɗaya ka ce ya gyara, sai kun yini kuna musu.

Sai ido ya fara gudunsa. Likita ya ce jijiya ce ta mutu, tabarau ba zai yi komai ba. Dorcas mai gyaran waya, 'yar maƙwabcinsa, ta ce akwai manhajar da ke karanta rubutu da murya, in an saka ta zai ci gaba da aiki da kunne. Don murna har tsire ya saya mata, shi da ko goro ba ya kyauta.

Ta umarci kwamfuta ta sauko da manhajar. Kwamfuta ta ƙi.

"Me ta ce?"

"Baba, kowace manhaja da sa hannun masu ita take zuwa. Makullin da kwamfutarka ke tantance sa hannun da shi ya daina aiki tuntuni."

"To ki ba ta sabo mana!"

Da haka abin yake da sauƙi! Kwana uku tana fama. A na huɗu suka rungumi kwamfutar zuwa Damba a Gusau, wajen Elisha da ya koya mata aiki. Ya tarar agogon kwamfutar na nuna shekarar 2009, ya canza ƙaramin batir, ya ɗauko sabon makulli. Ta sake ƙi.

"Malam," in ji Elisha, "tsohon tsarinta bai iya karanta irin wannan makullin. Sabon tsari kuma ƙarfen nan ba zai ɗauka ba."

Dorcas ta ce a tsallake tantancewar. Aka tsallake, sai ga shi an kwashe kayan tsohon tsarin daga rumbun intanet da ake sauko da manhajoji gaba ɗaya. Kaico!

Suka hau mota suka koma Tsafe. Baƙin ciki ya ci Malam Arzika, wallahi abin tausayi.

Washegari ya buɗe shago, ya goge ƙura. Wata tsohuwa daga 'Yankuzo ta zo a buga wa ɗanta takardar neman aiki. Ya kai fuska dab da allon kwamfutar, har hanci ya taɓa gilashi.

"Inna," ya ce, "je ki shagon Mubarak, bayan masallaci. Shi ke buga takarda yanzu."