Geron Iri a Kan Wuta

Ƙamshin tumu yana tsinka wa mutane yawu, ni kuwa ɓacin rai yake tayar mini. Ko jiya da yaran maƙwabta suka gasa nasu, sai da na tashi na rufe taga. Baffa yake tuna mini, ƙanen mahaifina, kuma in gaya maka gaskiya, har yau ban huce ba.

Lokacin ba a yanke mana Kebbi ba, muna cikin Jihar Sakkwato, a wani ƙauye gab da Sabiyal. Mahaifina ya rasu, gida ya koma hannun Baffa, mutumin da in ya kwana biyu a Jega sai ya dawo ya fi kowa sani. Kaka, uwarsu, ita ke riƙe da irin gidanmu. Gero ne mai doguwar zangarniya da ta zo da shi daga gidan ubanta, babu mai irinsa a ƙauyen. Kowace shekara da hannunta take zaɓar na iri, ta shanya a kan rumfa inda iska ke ratsawa. Hadari na tasowa mu kwashe, rana na fitowa mu mayar. Ba ta yarda ya bushe sai ta ciji ƙwaya ta ji ƙas.

A wata shekara ruwa ya ƙi ɗaukewa. An yanke gero, sama ba ta daina zuba ba, dammuna suka fara wari. Baffa ya je Jega ya dawo da dabara, wai ya ga inda ake busar da hatsi da wuta. Ya haƙa rami a bayan gida, ya ɗora kwanon rufi biyu, ya kwashi itacen da mahaifiyata ta sha wuyar tarawa tun bazara, ya cinna. Ko sannu bai ce mata ba.

Kaka ta tsaya a kansa ta ce, "Kai, rana ba ta cin icce, ba ta kashe ɗiyan hatsi. Yi abin da kag ga dama da na ci, amma kak ka taɓa min iri."

Sai aka yi rasuwa a Maiyama, ta tafi gaisuwa. Ƙafarta na fita ya kira ni. "Ke, ina tsohuwa tab ɓoye irin nan? Ɗauko maza, kahin ta dawo ya bushe, ta sa miki albarka." Shekarata tara. Ni na shiga ɗakinta, ni na ɗauko a kaina, har da murnata. Aka baza a kan kwano, gida ya ɗauki ƙamshin tumu, na ma tsinci wasu ƙwayoyi na tauna. Wannan shi ke ci mini rai.

Da Kaka ta dawo, ta ciji ƙwaya ɗaya. Ta ce, "Wa yaf fiddo shi?" Baffa, ƙato da gemunsa, ya nuna ni da baki, wai ni na kawo. Ba ta ko dube ni ba. Ta ce masa, "Ka dahe shi." Ya yi dariya, wai bushewar zamani ke nan.

Da ruwan shuka ya sauka muka shuka. Kwana huɗu, kwana bakwai, gonakin maƙwabta sun yi kore, tamu ƙasa zalla. Geron ci ma duk ta kan kwanon ya bi, babu inda za a koma. Ka san me Baffa ya ce? Wai irin ne ya tsufa. Kaka, wadda ba ta taɓa roƙon iri ba, ta ɗauki ƙwarya tana bin gidaje. Daga ranar ban sake ganin ta ciji ƙwayar gero ba har ta rasu.

Yanzu matasa suna yin rumfar shanya da leda, rana ta dumama, iska ta ratsa, ko tsinken itace ba a ƙonawa. Baffa ya tsufa, yana zaune yana gaya musu ai shi tun da can ya ce rana ta fi. Kunya dai ba a sayar da ita a kasuwar Jega.

Bana ya aiko jikansa in sam masa iri. Na zari zangarniya ɗaya, na gasa ta a murhu har ta yi ƙamshi, na naɗe, na ce ya kai masa ya shuka.