Hannun da Ya Riƙe Ni a Wurin Harbi

Jama'a, abin nan da zan ba ku ni ya faru da ni, wallahi ba a wurin wani na ji ba. Shekarun baya ne, lokacin ina aikin wankin bas a wani gareji a unguwar Edmonton da ke London, muna zaune a flat ɗin council, gidan hayar gwamnati, ni da 'yata Ummi, mu biyu kaɗai, don mahaifiyarta Dije Allah Ya yi mata rasuwa a shekarar.

Tun da muka dawo daga maƙabarta gidan ya mutu. Ba faɗa muka yi ba. Ni dai ban iya zancen Dije ba, ita ma Ummi ba ta iya ba, to sai ya zamana ba mu da wani zancen. Ta shigo ta gaishe ni ta shige ɗaki. Abin da kawai ke haɗa mu shi ne in wayata ta ƙi aiki, ko rimot ɗin talabijin, in juya in miƙa mata in ce, "Ummi duba mini." Ta gyara ta miƙo, shi ke nan. Ina ji ina gani yarinyar nan tana yi mini nisa, ita kaɗai gare ni, kuma na rasa ta inda zan kamo ta.

Wata Juma'a sai ga ta a ƙofar kicin, tana wasa da bakin mayafinta. Da Hausarta ta 'yan London ta ce, "Baba, na yi booking. Gobe za ka zo club da ni." Ashe tun tana jami'a ta shiga wata ƙungiyar masu wasan harbi, ni ban ma sani ba. Na ce, "Harbi? Ke? Wa kike shirin kashewa, ni?" Ta yi ɗan murmushi, wanda na daɗe ban gani ba. Saboda murmushin nan na ce to.

Da hantsi muka hau jirgi har Abbey Wood, daga nan muka shiga bas zuwa bayan gari. Wurin wata doguwar rumfa ce, a ƙarshenta tudun yashi da allunan da ake aunawa da harbi. Mai kula da wurin wani dattijon Bature ne mai haƙuri. Ya fito da bindigar, libarba, irin ƙaramar nan mai tulu a tsakiya yana juyawa. Ya ce a ƙasar nan an hana fistol na zamani, sai irin wannan da ake ɗura wa albarushi da dalma da hannu. Na yi dariya na ce ai wannan adakar maharban garinmu ce aka yi wa kaciya. Da na ɗaga ta sai na ji sakayau, kamar ludayi, amma bakinta kuwa ƙaramin yatsana zai shige. Dattijon ya ce rashin nauyin nan shi ne sharrinta, don ba abin da zai danne ta in ta tashi. Ya kuma ce, har sau ba adadi, in ka ja kunama ba ta tashi ba, kada ka motsa, bar bakinta yana kallon yashi, don wani lokaci wutar tana cin albarushin a hankali. Na ce na ji. Kuma wallahi na ji.

Ummi ta fara. Kai! Na ga 'yata ta tsaya daram, ta harba, hayaƙi ya turnuƙe, ko gezau. Sannan ta sa mini abin toshe kunne, ta gyara mini yatsu ɗaya bayan ɗaya a jikin mariƙin, tana cewa, "Baba, hannu biyu. Ba cokali ba ne." Harbin farko bindigar ta yi sama kamar za ta tsere, tafin hannuna ya yi zugi har gwiwar hannu, na ce, "Innalillahi!" Ita kuwa dariya har da riƙe ciki. Na sake, na sake, ina jin daɗin dariyar fiye da harbin.

A na gaba na ja kunama, sai ƙas. Shiru.

To ku ji abin da sabo ke yi wa mutum. Duk abin da dattijon ya faɗa ya fita daga kaina, jikina ya yi abin da ya saba yi a gida in abu ya ƙi aiki. Na fara juyowa dama da bindigar a hannuna, bakina har ya buɗe zan ce, "Ummi duba mini," ita kuwa tana nan daf da kafaɗata ta dama, ta ma sunkuyo.

Sai aka riƙe mini wuyan hannu.

Ba fizga ba, riƙo ne mai taushi amma ba ya motsi, hannu ƙarami mai sanyi, babban yatsan a kan jijiyata. Aka mayar da hannuna gaba a hankali har bakin bindigar ya koma kan yashi. Na san riƙon nan. Da girmana na fara koyon rubutu, kuma Dije ce take zama kusa da ni bayan la'asar, ta kama wuyan hannuna daidai haka ta bi da ni kan baƙaƙen, hannunta da sanyin ruwan wanke-wanke. Ba wanda ya taɓa riƙe ni haka sai ita.

Sannan bindigar ta tashi. Daram! Yashi ya yi sama.

Da hayaƙin ya washe na duba hannuna, ba kowa. Dattijon yana ta hagu, ya miƙo hannu bai kai gare ni ba, fuskarsa ta yi fari fat. Ya karɓi bindigar yana ce mini na kyauta da na tuna a kan lokaci. Ni na san ban tuna ba. Na zauna a benci ina ta salati.

A jirgin dawowa, bayan mun wuce tashoshi da dama, Ummi tana kallon taga ta ce, "Baba, wa ya ja ni?"

Na ce, "Ja kamar yaya?"

Ta ce lokacin da na fara juyowa, an kama wuyan rigarta ta baya an ja ta, har ta yi taga-taga. Ta waiwaya, bango ne kawai a bayanta. Sannan ta ce, "Haka Mama take mini a bakin titi ina ƙarama, in na zo tsallakawa ban duba ba."

Tun rasuwar, ranar ce ta farko da aka ambaci Dije a tsakaninmu. Na gaya mata nawa. Ta kifa kanta a kafaɗata tana kuka, ni ma ina yi, mutane na ta kawar da kai. Muka wuce tashar da za mu sauka ba mu sani ba, tana tambayata yadda na fara ganin uwarta, ina ba ta labari, tana cewa, "Baba, ƙarya kake, Mama ce ta fara yi maka magana?"

Na san wanda ya mutu ba ya dawowa, haka aka karantar da mu, kuma ban yi jayayya ba. Na tambayi wani malami a masallacinmu, ya ce Allah Yana tsare bawansa ta yadda Ya so, in yi godiya in yi mata addu'a. Haka nake yi. Amma har yau in na tuna, tsigar jikina tashi take yi, don Dije dai hannu biyu gare ta, kuma mu biyu aka riƙe a lokaci guda.

Ku da ke karantawa, in kun rasa wani, ku riƙa ambatonsa a gida tare da waɗanda suka rage muku. Kada ku jira sai an zo an kama muku hannu.