Kwalin da na bari a Karantina

Shekara uku ke nan da rasuwar Kawu Sale, yayan mahaifiyata, kuma har yau ban faɗa wa kowa abin da na yi masa ba.

Tun kafin a fara rusau a unguwarmu ta Karantina, a nan ƙasar Larabawa, nake tsoron littattafansa. Ba ni da iƙama, wato takardar izinin zama, ga goyo. Kullum ina tunanin ranar da za a shigo bincike a tarar da kwalin littattafan Faransanci masu hotunan Yahudawa bayan shingen waya, a tambaye ni abin da ban iya amsawa ba. Karatuna bai wuce allo ba.

Kawu ya yi aikin sito a tashar jiragen ruwa, a wajen matuƙan jiragen ya samo su. Duk labarin waɗanda suka tsira ne daga kisan kiyashin da 'yan Nazi suka yi wa Yahudawan Turai. Bayan la'asar yakan zauna a bakin ƙofa yana juya mini da Hausa ina tsintar shinkafa. A wani labarin akwai wata mata da kowace safiya take murza kumatun ƙanwarta su yi ja, don kada sojoji su ware ta cikin marasa ƙarfi su kashe. Ranar na kasa cin abinci, ina ta kallon fuskar 'yata Maryama.

Na taɓa tambayarsa me ya haɗa mu da su. Ya ce, "Hajara, uwa ce ta haife su. Kuma sun sha wuya kafin su iya ba da labarin, ke saurare kawai aka ce ki yi."

Ranar tashi direban kwasar kaya na ta yalla yalla, wai mu yi sauri. Duk takarda mai rubutun Larabci na tsince ta, har tsohuwar jarida, don kada sunan Allah ya shiga ƙarƙashin ƙasa. Kwalin Kawu kuwa na tura shi bayan ƙofa da ƙafata. Da muka sauka a unguwar Ruwais ya tambaya, na ce ya faɗi a hanya. Ya dube ni, sannan ya ce halas, wato shi ke nan. Bai ƙara tayar da zancen ba har Allah ya karɓi abinsa. Ba wanda ya taɓa zuwa bincike.

Yanzu Maryama ta fara haɗa baƙi. Da yana nan, na san da tuni ya zaunar da ita gefensa. Ban san me zai ce ba in ya ga yadda ake yawo da hotunan gawarwaki a waya ana wucewa, shi da yake alwala ya natsu kafin ya buɗe labarin matattu. Abin da ya rage mini nasa shi ne ɗan abin da na riƙe a ka, shi nake ba ta gutsure-gutsure, ko sunan matar ban riƙe ba.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe mini. Don Allah mai karatu, in kana da irin waɗannan littattafai, nemi wanda bai iya karatu ba a gidanku ka karanta masa, har ƙarshe.