Ranar da Aka Zaunar da Baba Cikin Tukwane

Babanmu wanzami ne, ɗan wanzami, daga ƙasar Katsina ya zo Kaduna da zabirarsa. A bakin kasuwar Kawo yake zama. Lokacin da na shiga sakandare, shagunan aski masu injin sun cika unguwa, samari sun gudu, tsofaffin da suka rage kuma kullum sai a ce an kai wane makwanci. Wani lokaci haka zai yini yana korar ƙuda.

Sai makarantarmu ta shirya bikin al'adun gargajiya, malaminmu ya aike ni in gayyato shi. Wayyo, murnar da Baba ya yi! Shi a zatonsa aiki ya samu: iyayen yara za su taru, su ga hannunsa, ciniki ya dawo. Ya wasa asake, ya goge ƙaho, ya sa aka buga masa babbar rigarsa ta Juma'a.

Da muka isa, aka shimfiɗa masa tabarma tsakanin wasu tsofaffin tukwane da wata karyayyiyar masaƙa. Aka kafa kwali a bayansa, an rubuta "Our Cultural Heritage" da jan alƙalami. Mutane na wucewa suna nuna shi da yatsa, wani har da ɗaukar hoto. Baba kuwa sai cewa yake, "Bismillah, Alhaji, a ɗan gyara fuska?" Su yi dariya su wuce. Malaminmu ya sunkuyo ya ce, "Baba, ba sai ka yi aski ba, ka dai riƙe askar kawai."

Riƙe kawai! Mutumin da ya yi wa rabin 'ya'yan unguwarmu askin suna! Wallahi har yau in na ji ana tauna kalmar nan "heritage" a rediyo, raina ɓaci yake.

Bayan azahar ya yafito ni.

"Kai, me suka rubuta a nan?"

Na yi ta kame-kame. Ya tsare ni da ido, dole na faɗa: "Wai abubuwan da magabata suka bar mana, Baba."

Ya dubi tukwanen, ya dubi masaƙar. Sannan ya fara mayar da asake cikin zabira ɗaya bayan ɗaya.

"Ashe na mutu," in ji shi, "ba wanda ya gaya mini."

Washegari bai fita kasuwa ba, kuma bai sake fita ba.