Jaririn Mumbai Da Ya Hana Ni Aure A Birmingham

Edita, na san kafin a gama karanta wannan wani zai ce yau maƙaryaci ya samu biro. To ku yarda ko kar ku yarda: jaririn mutane, wanda ko haƙori bai fitar ba, yana can Indiya ya hana ni aure a Ingila.

Lokacin ina saurayi ɗan Kano mai baki kamar rediyo. Na zo jami'a a Manchester bayan na yi digirin farko a Mumbai. Can Mumbai a wani tsohon bene na zauna, ɗakuna a jere, baranda ɗaya, famfo ɗaya, ƙofar kowa a buɗe saboda zafi. A irin gidan nan yaro ba na uwarsa kaɗai ba ne. Mace za ta tafi layin ruwa, sai kawai ta dangwara maka ɗanta a cinya, ko jarrabawa gare ka gobe ba ruwanta. Ni kuwa da yake ba na dukan yara kuma ina musu waƙa, na zama gidan reno na kyauta. Ranar da zan taho, maƙwabciyata ta tsaya gefena tana hawaye, ɗanta a kafaɗata, mijinta da kansa ya ɗauke mu hoto.

Wannan hoton na manna a bangon gidan hayarmu kusa da Oxford Road, inda nake zaune da aminina, ɗan unguwarmu tun firamare. Ya san labarin hoton tsaf, har kwaikwayon kukan matar yake yana min tsiya.

Sai Allah ya haɗa ni da wata yarinya a unguwar Sparkbrook ta Birmingham, iyayenta Hausawan Gana, babanta direban bas. Duk ƙarshen mako ina cikin doguwar bas zuwa Birmingham. Mamanta mayyar fim ɗin Indiya ce, da na zauna za ta turo min wake da shinkafa ta ce a ba ta labarin Mumbai. Ni kuma in zuba. Na ce mata jirgin ƙasan can ba shigarsa ake ba, jama'a ke ɗaukarka su saka ka, su sauke ka, takalminka bai ga ƙasa ba. Na ce ruwan damina ya taɓa kai ni makaranta ban biya kuɗin mota ba. Ina ƙara gishiri, ban musa ba. Ana ta dariya, baban yana gefe yana saurare, bai taɓa murmusawa ba.

Da maganar aure ta yi ƙarfi, ya ce tunda dangina na nesa, zai yi bincike ta bakin wanda ya fi sanina. Ni da kaina na tura aminina. Rigata mai aiki ma na ara masa don ya fito fes. Ashe ya ɓalle hoton daga bango ya saka a aljihun rigar. Ya ajiye musu a tebur, ya sunkuyar da kai, ya ce na bar mata da ɗa a Indiya, shi dai tsoron Allah ne ya hana shi rufa min. Kafin shekara ta zagayo shi ya auri yarinyar. Rigar ma ban sake ganinta ba.

Ba rashin yarinyar ne ya fi cina ba har yau, a'a, mutumin da muka ci taliya a tukunya ɗaya ne ya zauna ya zaɓi inda zai soke ni. Samari, kafin ku tura aboki gidan surukai, ku lura da yadda yake kallon yarinyar. Masu baki irin nawa kuma ku rage, don ranar da gaskiya kaɗai za ta cece ku tana tafe.

Da tawa ranar ta zo, na samu baban yarinyar yana fitowa daga masallaci a Stratford Road. Na durƙusa a bakin titi, na rantse, na yi masa bayanin benen da barandar da layin famfo. Ya bar ni na gama tas, sannan ya ce:

"Yaro, kai da ruwan sama ya kai makaranta kyauta, don an ce ka haifi ɗa ɗaya shi ne abin mamaki? Tashi, bas ɗinka na tafiya."